Motar da Aka Sa Wa Suna Zomo

"Ba haka ba! Ku juya ta, lambar ta kalli titi!"

Baba Direba ke nan, daga kan kujerar roba a ƙofar gidansa, lulluɓe da bargo da rana tsaka, yana ba da umarni kamar mai sauran ƙarfi. Mai faci, wanda rumfarsa ke kallon gidan, ya share gumi ya sake dafa bayan motar. Shi da mai shago ne ke tura ta, don batirin ya mutu tun da ciwo ya kwantar da mai ita.

"Baba, wa zai gan ta a lungun nan? Mu ne dai, mu kuwa mun haddace ta," in ji mai faci.

"Kai dai juya ta. Ba shawara na tambaye ka ba."

Suka juya ta. Lambar ta fito fes a gaban tsohuwar motar, ba irin ta kowa mai jerin ƙidaya ba. Kalma ɗaya ce da manyan baƙaƙe: ZOMO.

Ranar da aka kawo lambar nan, unguwa ta sha dariya har da riƙe ciki. Motar da kunkuru zai ba ta rata ya wuce ta, wai ita ce zomo! Takanas Baba ya je ofishin lambar mota ya ce a buga masa, ya biya abin da mutane suka ce ya fi kuɗin motar kanta, alhali rufin ɗakin matarsa, Inna, yana yoyo. Bai tsaya nan ba, ya kai wa mai walda ya liƙe ta gaba da baya, don kada ɓarayi su kwance. Mai faci ba ya iya riƙe bakinsa, a gaban idonsa ya faɗa masa.

"Baba, tsakani da Allah wannan asara ce. Lamba tana ƙara wa mota gudu ne?"

"Duba mini iskar tayar baya," in ji Baba.

Sai daga baya dariyar ta mutu, da aka tuna mai sunan. Zomo laƙabin ɗansa ne, namiji tilo, wanda aka sa masa tun yana rarrafe saboda kunnuwansa. Ya girma, wata rana ya ɗauki tasin ubansa ba izini ya haɗa ta da katanga. Baba ya tsaya a tsakiyar lungun nan, kowa na ji, ya ce in yaron ya sake taka ƙofar gidansa bai yafe ba. Yaro kuwa ɗan ubansa ne wajen zuciya. Ya tafi, wayarsa ta daina shiga, shekaru suka yi ta wucewa. Wani ya ce ya hango shi cikin 'yan dako a can hayin gada, wani ya ce ba shi ba ne.

Bakin Baba bai iya ba da haƙuri ba, shi ya sa ya ba ƙarfe saƙon. Kullum da safe sai ya tayar da motar ya zaga gari a hankali, ya tsaya bakin tasha, ya tsaya bakin kasuwa, ya zauna a ciki yana kallon masu wucewa. Bai taɓa gaya wa kowa abin da yake jira ba, kowa kuma ya sani.

Da jikin ya yi tsanani aka daina fito da shi. Mai faci ya shiga gaishe shi, ya same shi a kan katifa kusa da taga, an ɗage labule daidai yadda zai riƙa ganin bayan motar. Ya rame har zoben hannunsa yana yawo a yatsa. Inna tana gefe da kofin ruwan da ya ƙi sha.

"Wani ya tsaya wajenta yau?"

"Yara ne kawai, Baba."

"Dogo ne. Yana ɗan karkata kafaɗa in yana tafiya. In ka gan shi kada ka yi masa faɗa."

"Ni wa? Ni ina ruwana da faɗa?"

"Kana da baki," in ji Baba, har ya ɗan yi murmushi. Sannan ya ce, "In ya zo, ka ce masa maganar nan ta baki ce."

Mai faci ya ce to. Ya fito, ya ɗauki tsumma ya goge lambar da ya sha zagi.

Da hantsi Baba ya cika, ana tsakiyar hayaniyar masu tafiya aiki. Aka kai shi makwancinsa, aka dawo, motar na nan tana kallon titi.

Ba a daɗe ba surukin gidan, mijin babbar 'yar, ya kawo mai saye, wani mai kai ƙwai shaguna. Inna ba ta ce a'a ba, damina ta kusa kuma rufi na nan yadda yake. Abu ɗaya ta roƙa, a cire mata lambar ta ajiye. Mai faci ya kawo sukundireba da guduma, ya yi ta fama har ya fasa ɗan yatsa, ina! Walda ta kama kamar tare aka ƙera su.

"Bar ta kawai," in ji mai ƙwai. "In na samu sarari zan je a canja."

Bai samu sararin ba. Daga nan ne abin ya fara damun mutane. Mai ƙwai ba inda ba ya shiga, sai a dawo daga gari a ce, "Wallahi yau na ga Baba a bakin asibiti," sannan mai maganar ya kama bakinsa. Shi kansa mai faci ya je sayen faci, ya hango ta a mahaɗa tana tafiyarta ta kunkuru, bai san lokacin da ya ɗaga hannu ya ƙwala "Baba!" ba. Hannun na sama ya tuna, ya sauke shi a hankali. Inna ta daina zuwa kasuwa gaba ɗaya. Ta ce ba za ta iya ganin mijinta yana yawo a gari yana neman ɗansa ba, bayan ta san inda aka kwantar da shi.

Wata ranar da yamma mai faci na durƙushe yana neman huji a cikin bahon ruwa, sai ya ji tarin injin nan da ya sani a bakin lungu. Bai ɗago ba. Tsoro ya ji, tsoro na gaske. Motar ta zo ta tsaya a ƙofar gidan, daidai kan tabon baƙin man da ta bari.

Mai ƙwai ya fito yana huci.

"Malam, ka san wannan? Tun daga hayin gada yake bin motata da gudu yana dukan but ɗin baya, yana kiran Baba, Baba. Ya kusa fasa mini kaya! Na ce masa saya na yi, ya ce sai na kawo shi inda na saya."

Ɗaya ƙofar ta buɗe. Wanda ya fito dogo ne, ya yi baƙi ya bushe, da ƙullin tsumma na 'yan dako a hannu. Ya tsaya bai matsa kusa da ƙofar gidan ba.

"Kawu," ya ce wa mai faci. "Tun bara nake ganinta. Sai in ɓuya. Yau ne na ce bari dai..." Ya kalli motar. "Me ya sa ya sayar? Yana ciki?"

Mai faci ya miƙe daga bakin bahon. Ruwa na ɗiga daga hannunsa.

"Ya ce in gaya maka maganar nan ta baki ce."

"Ya ce?" Zomo ya dube shi. "Yaushe ya ce?"

Kafin ya amsa, ƙyauren gidan ya yi ƙara. Inna ce, ta ji injin daga ciki ta fito ba ko takalmi, mayafi a karkace. Ɗanta na tsaye gabanta, taku kaɗan tsakaninsu, amma ba shi ta fara kallo ba. Ta sunkuya ta leƙa kujerar direba.

Mai ƙwai ya miƙa hannu ta taga a hankali ya kashe motar.