Sarƙar da Aka Naɗe da Roba

Da hantsi Zubairu mai faci ya kawo sarƙar, ya ajiye ta a kan bencin masu cin abinci kamar wanda ya kawo tsaraba. Har ya naɗe ta da robar cikin taya, tsaf, don kada ta ci ƙafar yaro. Yayarsa Barira, wadda ke sayar da shinkafa da wake a bakin bodar Magama, ta dubi aikin ta gane hannun ƙanenta. Abin da ya fi ɓata mata rai ke nan: an zauna, an natsu, an yi shi da kyau.

"Wagga ta wa ce?" ta ce, ba ta ajiye ludayi ba.

"Yaya, kin sani. Ta yaron ga ce."

Yaron yana gindin rumfa, yana juya murfin tukunya a ƙasa, ya kwantar da kunci yana kallon yadda yake wulwulawa. Sunansa Badaruddeen, shekararsa bakwai, kuma shi ne ɗan Zubairu na fari. Tun yaye Barira ta ɗauke shi riƙo, shi ya sa kowa ke ce masa Nagoggo. Zubairu bai taɓa kama sunansa ba, kuma ba wanda ya ga laifinsa, tunda kunyar ɗan fari gado ce. Amma Barira ce ta goyi Zubairu, ta san kunyarsa iri biyu ce. Akwai ta al'ada, akwai kuma wadda ta laɓe a bayanta. In baƙon direba ya tambaya ɗan wane ne wannan da ba ya amsa gaisuwa, sai Zubairu ya ce na mai abinci ne, ya ci gaba da duba tayarsa.

Badaruddeen ba ya hira, ba ya kallon idon mutum. Abin da ya ji shi yake maimaitawa, da muryar mai shi. Yana iya yini yana cewa "Maraɗi, Maraɗi, saura mutum guda" da muryar ɗan kamasho, har fasinja ya waiwayo. Tsawa kuwa kamar an watsa masa ruwan zafi, sai ya toshe kunne ya zura da gudu, ko ya ciji hannunsa. Kuma duk abin da ke juyawa ya gama da shi. Tun da aka sake buɗe boda manyan motoci suka dawo, ƙafarsa ba ta zauna ba. Jiya ya bi tayar wata tirela har ya wuce shinge, sai a ɓangaren Nijar wani ɗan kabu-kabu ya tsince shi. Da ya tambaye shi gidansu bai amsa ba, ya kai masa mari, ya kawo shi yana ihu, ya cije bayan hannunsa duk jini.

"Jiya Allah ya tsare," in ji Zubairu. "Gobe fa? Gara in gan shi ɗaure da in kwashe shi ƙarƙashin mota."

Gaskiya ya faɗa, kuma ita ma Barira ba ta runtsa ba daren jiya. Tana tsoro. Amma ta tuna likitar da ta gani a Katsina bara, bayan an gama rubutu da hayaƙi da tofi. Likitar ta kira sunan larurar da Turanci, Barira ba ta riƙe ba, ba ta kuma damu ba. Abin da ta riƙe shi ne ba aljanu ba ne, ba rashin tarbiyya ba ne, haka ƙwaƙwalwarsa ta zo, kuma duka da ɗauri ƙara birkita shi za su yi.

"Ka ba ni zuwa ran kasuwa," ta ce. "In ya sake ƙetare shingen ga, ni da hannuna zan sa mashi."

"Mi za ki yi?"

"Hiɗi zan yi. In gaya ma jama'a, don kowa ya san abin da ke damun shi."

Fuskar Zubairu ta canza. "Yaya, asirinmu za ki tona cikin tasha?"

"Wane asiri, Zubairu? Yaron da ke ihu tsakiyar titi? Kai kaɗai ka ɗauka ɓoye yake."

Da rana ta bar wa maƙwabciyarta tukunya, ta kama hannun yaron ta shiga zagaye. Barira mace ce mai baki, kuma rabin tashar a kwanonta suke ci, saboda haka ba wanda ya isa ya ce ba shi da lokaci. Ta fara da majalisar 'yan kabu-kabu, wanda ya yi marin yana ciki, ya sunkuyar da kai. Ba ta zage shi ba, duk da bakinta ya yi ƙaiƙayi.

"Ku dube shi da kyau," ta ce. "Larura gare shi, ba iskanci ba ne. In kun gan shi ya nuhi titi, kada wanda ya daka mashi tsawa, kada wanda ya cafke shi ta baya. Ba ya jin 'kai', ba ya jin 'yaro', ko Nagoggon ma ba ya amsawa. Ku kira sunanshi cikakke, sannu, Badaruddeen. Shi kaɗai ke tsai da shi."

Haka ta bi 'yan kamasho, masu shayi, 'yan canji, har ma'aikatan da ke kan shinge, namu da na wancan ɓangaren. Wani ya ce a kai shi ruƙiyya, ta ce an kai, addu'a kuma ba a daina ba. Wasu sun yi dariya bayan ta wuce, ta ji su sarai. Amma wani dattijon direba ɗan Bugaje ya biyo ta har bayan rumfa, ya rage murya ya ce yana da jika mai irin wannan, a ɗaki ake kulle ta, ya tambayi ranar da likitar ke zama. Barira ta dawo da ƙarfin gwiwar da ba ta fita da shi ba.

Mutum ɗaya ne ya ƙi tsayawa ya ji, shi ne uban. Duk lokacin da ta nufo wurin facinsa a tsallaken titi, sai ya tayar da injin iska.

Ran kasuwa Magama ta cika ta batse. Motocin hatsi sun yi layi, na dabbobi suna hon, masu ci sun yi wa Barira caa. Ta juya ta zuba wa wani mai da yaji, ta waiwayo, sai murfin tukunya kwance shi kaɗai.

Ta saki ludayin. Ta miƙe tsaye a kan benci, ta hango shi. Ya riga ya tsallaka titi. A wurin Zubairu an ɗaga wata tirela mai lodin gero a kan jak, yaron motar yana juya tayar baya da hannu, yana neman inda ƙusa ta shiga. Badaruddeen ya nufi tayar nan kai tsaye, yana kaɗa hannuwa don murna. Ta inda ya biyo ba mai ganinsa sai Zubairu, wanda ke durƙushe ya danne ƙarfen jak da hannu biyu, don ƙasar wurin yashi ce, jak ɗin ya fara karkata. In ya saki, motar za ta sauko.

Tsakanin Barira da su akwai tirela biyu suna wucewa a hankali, ba hanyar ƙetarewa. Ta so ta kurma ihu, ta danne bakinta da gyale, don ta san ihun shi zai tura yaron ƙarƙashin motar. Sai ta ga 'yan kabu-kabun da ke kusa suna kashe mashinansu ɗaya bayan ɗaya. Wani ɗan kamasho ya ɗaga wa direbobi hannu kada a yi hon. Sun ji maganarta, amma duk sun yi nisa. Wanda ke kusa shi ne wanda ya ƙi ji.

Yaron ya durƙusa, ya sa kai zai shiga.

Ta ga bakin Zubairu ya buɗe, ta san "kai" ce za ta fito. Ba ta fito ba. Ya haɗiye ta. A cikin shirun da tashar ta yi, muryarsa ta tsallako titi, ƙasa-ƙasa, tana ɗan rawa.

"Badaruddeen."

Ashe Zubairu ya ji abin da take gaya wa mutane, duk da injin iskan. Yaron ya tsaya cak. Bai dubi fuskar uban ba, hannunsa ya duba.

"Badaruddeen, taho nan. Taho ka zamna kusa da ni."

Ya ja da baya, ya zo ya zauna a gefensa. Nan take mutane suka ruga suka cusa katako ƙarƙashin motar, Zubairu ya saki ƙarfen. Kafin Barira ta iso, direban tirelar, wani baƙo daga Nijar, ya sauko yana faɗa.

"Ɗan wa ne wanga? Wa ya bar yaro cikin aiki?"

Barira ta buɗe baki za ta ce nata ne, kamar kullum.

"Ɗana ne," in ji Zubairu. "Larura gare shi. Kada ka ɗaga mashi murya."

Wani tsoho mai goro ya ce lallai zamani ya zo, yau ga mai kama sunan ɗan fari a tsakiyar tasha. Aka yi dariya, Zubairu ma ya yi, yana share fuska da hannun riga. Barira ba ta yi ba, don kuka ne ya taso mata, kuma ba ta ɓoye shi ba.

Ta san ba warkewa aka yi ba. Gobe ma yaron zai ga taya ya bi, jibi ma haka. Amma yanzu tasha guda ce ke tsaronsa, har da ubansa a ciki. Da yamma ta ɗauko sarƙar ta kai wa Zubairu, ya karɓa, ya ɗaure injin iskansa da ita a jikin turke.

Da ta dawo rumfa, Badaruddeen yana gindin benci yana juya murfinsa. Ba kiran Maraɗi yake yi ba yau. Sunan kansa yake ta faɗi, ƙasa-ƙasa, da 'yar rawar nan a ciki, da muryar ubansa.