Mai Jego a Cikin Safar Baba

"Ƙwaro ne."

"Sarauniyar tururuwa ce, Umma."

"Sarauniyar wane gari? To buɗe in gani. In da mai rai a ciki, in ce wa mai feshi ya tsallake ɗakinki. In babu, kwandon shara."

Buɗe. Sai ka ce murfin tukunya... Ga mutumin can a kicin da tanki a bayansa, fsss, fsss, yana farautar kyankyasai, daga nan falo, daga falo ɗakina — Umma kuma ta tokare ƙofa, hannu a ƙugu, irin tsayuwar da nake kwaikwaya in ta juya baya har Baba ya ƙware da ruwa. Yau babu wasa. Ba zan buɗe ba.

Durowar ƙasa. A hankali, katakon nan mai tsegumi ne. Baƙar safar Baba, wadda har yau yake cigiyarta... a cikinta kwalbar gwaji, ruwa a gindi, auduga ta tare ruwan, sai ita, sai wata audugar a baki. Duhu da shiru, iyakar abin da take so ke nan. Ta kuwa faɗo hannuna, ni da aka haifa baki a buɗe.

Bayan ruwan sama na tsince ta, a gindin tayar motar maƙwabcinmu, tana yawo ita kaɗai, ƙatuwa. Yayana mai gwajin jini a asibiti, shi ya ba ni kwalbar, ya sauke tabarau kan hanci, ya sa muryar nan tasa ta duba mara lafiya: "Girma ba shi ne sarauta ba, Auta. Dubi bayanta. Faffaɗa ne? Akwai tabo inda fukafukai suka fita? In da kanta ta cire su, to ta yi miji, gida take nema." Akwai tabon. Da idona na gani... ko inuwa ce? A'a. Akwai.

Sarauniyar da na fara kamawa kafin wannan ma ai akwai tabon. Ita ce na mayar abin kallo — duk wanda ya shigo sai na haska masa tocila, ƙawayena, mai gyaran famfo, ku zo ku ga ƙwai, farare sol kamar an barbaɗa gishiri, ina girgiza kwalbar ina yi musu muryarta, "Ku yi haƙuri, ban share ɗaki ba"... Washegari ko ɗaya babu. Ta cinye. Yaya bai yi faɗa ba, abin haushin ke nan. "Haske da girgiza tsoro suke ba su. Wadda ta tsorata ƙwanta take cinyewa. Ke dai ba ki iya ƙyale abu ba."

Ban iya ba? Ni?

Wannan, tun ranar da na zura ta cikin safa ban leƙa ba. Hannu ya nufi durowa, in buge shi da ɗan'uwansa. Wai Yaya ya ce kada in leƙa sai 'ya'yan farko sun ƙyanƙyashe sun fara yi mata hidima... to ta yaya zan san sun fito in ban leƙa ba? Wannan bai faɗa ba. Ya gyara tabarau ya tafi.

Fsss. Mai feshi ya iso falo. Warin ma ya riga shi.

In na bar ta nan, guba. Fita kawai za mu yi. Hannu biyu, a kwance, kada ruwa ya ture audugar... Umma ta matsa, tana bin ni da ido. "Jama'a ku ga 'yar da na haifa, safa take wa rakiya." Ba ta faɗa ba fa, ni na faɗa da muryarta a raina, har da tsakin — kada ki yi dariya, dariya ma girgiza ce. Matakala. Wane magini ne ya yi wannan tudun ya fi sauran? Nisanta ta daga ƙirji, zuciyar nan sai duka take kamar mai bin bashin... a'a, kamar Umma a ƙofar banɗaki.

Dakalin ƙofar gida. Rana. Gefen riga a kai. Babbar mota ta wuce, dakalin ya amsa har cikin cinyata.

In ta mutu tun tuni fa? In gawa nake wa gadi, busasshiya, ta manne da auduga? Bakin safar ma ya ɗan saki... yatsa ɗaya ya isa. Leƙe ɗaya tak, in nuna wa Umma, a bar mini ɗakina — wane ɗaki, ai an riga an fesa. Umma ma ba ta kallo. To don wa zan buɗe? Ni ce. Ni ce dai, kamar wancan karon...

Matse bakin. Matse.

Ga mai feshi ya fito, yana sauke ƙyallen hancinsa, Umma a bayansa.

"'Yammata, wai me ke cikin safar nan ne?"

"Rage murya, malam. Mai jego ce."