Lafiya Lau, Saje

Da Abdul-Hanan ya shiga aikin ɗan sanda, unguwarsu ta Mount Hope kaf sai da ta sha labari, don matarsa Najat ba ta iya riƙe abin daɗi a ciki. Wai ga ɗan zango cikin kaki a New York. Ba ta san bakin nan nasa mai Hausa da yaren Twi shi zai ci shi ba.

Duk gidan baƙin Afirka da aka yi rashi, shi ake turawa. Yaro ya faɗo daga bene, an harbe direban tasi, gobara ta ci ɗaki da mutanensa, sai a ce, "Kai ke jin yarensu, je ka faɗa musu." Shekara da shekaru yana ƙwanƙwasa ƙofofi, iyaye mata suna zubewa a gabansa, ba wanda ya taɓa cewa ya huta. Tun yana dawowa gida ya yi jugum, har ta kai ko ƙofarsu aka buga sai ya shige banɗaki ya ɓuya.

Likita ya ce aikin ne ya taɓa masa ƙwaƙwalwa. Najat ta ja shi wajen lauya, su nemi hukuma ta ɗauki alhaki, ta yi masa ritaya da magani. Lauyan ya ce maganar ɗaya ce: sai an nuna manyansa sun san yana cutuwa suka ƙyale shi.

Ranar shari'a sajensu ya ba da shaida, kuma abin haushin, bai yi ƙarya ba.

"Kullum sai na tambaye shi yaya yake. Amsarsa ba ta canzawa: lafiya lau, mun gode Allah. Har da murmushi."

Najat ta miƙe ba ta sani ba. "Ranka ya daɗe, gaisuwa ce fa! Mu ko mutum yana bakin mutuwa haka yake amsawa!"

Alƙali ya ce ta zauna. Ya juya ga Abdul-Hanan, ya tambaye shi ko haka ya riƙa faɗa. Bawan Allah ya sunkuyar da kai ya ce haka ne. Hukunci ya fito: ba a kama hukuma da laifin abin da aka ɓoye mata.

Bayan kwanaki Abdul-Hanan ya sami Najat a kicin, waya a hannu.

"Sun ce Monday in koma. Same unit, aikin nan dai na da."

"Baban Afua, ka ce ba ka iyawa mana."

"In na quit, na bar aikin, insurance ɗin da ke biya mana asibiti ya tafi. Maganina fa? Asthma ɗin Afua fa?"

"To ba sun karɓe bindigarka ba?"

"Sun ce faɗin mutuwa ba ya buƙatar bindiga."

Najat ta wuce ɗaki. Ta ciro kakin daga kabad, ta jona dutsen guga.