Jabana Sai Ruwa Ya Iso

Jibril ya durƙusa a gonarsa, ya zura hannu cikin tsagar ƙasa har wuyan hannu. Audugar duk ta yi yaushi. In ruwa bai zo cikin kwana biyu ba, noman bana ya tafi.

Gonarsa ce ta ƙarshe a magudanar da manoma goma sha biyu ke rabo, a ƙauyensu kusa da Managil, a ƙasar Sudan. Sau uku yana kiran taro don a tsara ranar ban ruwan kowa. Sau ukun an baje tabarmi a inuwa, an gaisa har da tambayar lafiyar awaki, an sha jabana, gahawar nan mai citta. Sai Baba Attahiru, mai gonar farko, ya ɗauko labarin yadda kakansa ya taso daga Sakkwato a ƙafa. Kafin kakan ya fita daga Barno an kira azahar, kowa ya kaɗe rigarsa.

"Malam, kunyarka ta yi yawa," in ji matarsa Barakatu. "Kira su gona, ka bar mini sauran."

Da hantsi suka hallara. Ba tabarma, ba inuwa. Barakatu na bakin magudana tana soya gahawa, ƙamshi ya cika wurin, amma tukunya a bushe.

"Ɗiyata, ina jabana?" in ji Baba Attahiru.

"Baba, da ruwan magudanarga za ni dahwa ta."

Dattijon ya leƙa magudanar, ƙura ce kawai. Ya juya ya dubi audugar.

"Jibril, haka gonarka ta koma ba ka hwaɗi ba?"

"Na so in hwaɗi, Baba. Kullum muna Barno aka kiran salla."

Dariya ta ɓarke, har shi Baban sai da ya riƙe ciki. A tsaye aka gama magana: kowa yini guda, a fara daga ƙarshe.

"Halas, magana ta ƙare!" in ji Baba Attahiru. Ya hau jakinsa, ya je da kansa ya toshe bakin gonarsa.

Da ruwan ya iso yana turo busassun ganye, Jibril ji ya yi kamar ya taka rawa. Barakatu ta ɗiba, ta tace, ta ɗora a wuta.

Baba Attahiru ya dawo, ya karɓi finjalinsa na jabana, ya zauna a ƙasa.

"To, da kakana ya baro Barno..."

Jibril ya tsoma ƙafafunsa cikin ruwa, ya gyara zama. Ranar nan kakan ya iso har bakin kogin Nilu.