Watan da Ke Bayan Antenin Tchaké

Hashim mai hoto ne a Mayahi. Hoton katin ɗan ƙasa da na biki ke ciyar da shi, amma abin da yake ƙauna shi ne ɗaukar hoton farin wata. Yakan yi mako yana lissafin inda zai tsaya, don wata ya fito daidai bayan hasumiyar masallaci ko tankin ruwa.

Ranar Laraba da hantsi yayarsa Bintu ta kira shi daga ƙauyensu, kusa da Tchaké.

"Shanu sun cinye mana gero jiya, rabin gona," in ji ta. "Na Mumuni ne, Bafillacen da ya sauka bakin tabki. Taufiq ya ɗauke su a waya. Na turo maka hoton, ka wanke mana shi babba, gobe za a zauna gaban mai gari."

Taufiq ɗanta ne na fari, ɗan kabu-kabu mai haya da moto, wato babur. Hashim ya buɗe hoton. Ga shanu cikin gero, ga jan bijimi mai karyayyen ƙaho wanda kowa ya san na Mumuni ne. Can baya ga antenin waya na Tchaké, wata cikakke, jajir, ya jingina da ƙarfensa.

Ya ƙara duban watan. Jiya wata kwanansa biyar. Kuma wannan watan ya san shi, har tsuntsun da ke zaune kan ƙarfe na uku. Shi ya ɗauke shi bara cikin sanyi, daga nisan kilomita biyu, ya sa a Facebook.

Ya zuba esansi a moto ya kama hanya. Ya fara biyawa gonar. Ɓarnar gaskiya ce: karan gero a kwance, zangarniyar da ta kusa nuna an tattake ta, kashin shanu ko'ina. Ya tsaya tsakiyar gonar ya nemi anteni. Yamma yake da shi.

Ya iske Taufiq a zaure yana wanke moto.

"Ina ka samu hoton nan?"

"Ni na ɗauka, Kawu."

"Sama tawa ce. Shanun kuma a bakin tabki ka ɗauke su, dubi ƙafafunsu, babu inuwa."

Taufiq ya ajiye tsumma. "To, montaj ne, haɗa hotuna na yi. Amma Kawu, wa ke da shanu nan kusa in ba shi ba? In ban sa anteni ba cewa za su yi ba gonarmu ba ce."

"Ka gan su da idonka?"

Taufiq ya koma wankin moto. Bintu ta fito daga cikin gida, ashe tana ji.

"Hashim, ka ga gonar?"

"Na gani, Yaya."

"To mi za mu ci bana? Ba a ce ka yi ƙarya ba. Shiru kawai za ka yi."

"Hoton ya zagaya wayoyi, Yaya. Samari na ta maganar bakin tabki."

Ya yi gaskiya, sai dai ya makara. Da la'asar ɗin nan wasu matasa suka tare ɗan Mumuni a hanyar rijiya, suka fasa masa kai, suka sassare wa wata saniya agara.

Washegari aka cika ƙofar mai gari. Mumuni na zaune gefe guda, tsoho siriri, sanda kan gwiwa. Aka miƙa masa wayar. Ya daɗe yana dubawa.

"Bijimin nawa ne," ya ce. "Amma ranka shi daɗe, shekara sittin ina kwana a fili. Shekaranjiya wata bai kai haka ba."

Aka yi masa ihu. Hashim ya miƙe. Bai dubi inda mata suke ba. Ya fito da hotonsa na bara, wanda ya wanke babba, ya ajiye gaban mai gari. Ya nuna tsuntsun a hotonsa, ya nuna shi a hoton wayar. Ya ce cikakken wata da magariba gabas yake fitowa, wanda kuwa ya tsaya a gonar Bintu ya dubi anteni, yamma yake kallo.

Wani daga baya ya ce, "Naka ma haɗi ne! Yaushe wata ya taɓa kai girman anteni?"

Hashim ya fara bayanin nisa da dogon gilashin kyamara. Ba wanda ya saurare shi. Mai gari ya ɗaga hannu.

"Daga yau ba na karɓar hoto shaida, na kowa ne. Akwai wanda ya ga shanun cikin gona?"

Ba a samu ko mutum ɗaya ba. Aka sallami Mumuni. Maganar kan ɗansa da saniyarsa aka ce sai wani zama, zaman da ba a yi ba. Kafin Juma'a ya kwashe bukkokinsa ya yi arewa, ɗan nasa kwance a amalanke, kai naɗe da ƙyalle. Ba a taɓa gano shanun da suka ci geron ba.

Hashim ya je yi wa Bintu sallama. Tana tankaɗe, ba ta ɗago ba.

"Ka kunyata ɗana gaban gari."

"Yaya, da na yi shiru, da an yi kisa."

"Sauka lafiya."

Bayan girbi ya aika mata buhun gero biyu a motar kasuwa. Ta karɓa, direban ya ce, amma ba ta ba shi saƙon komai ba. Taufiq kuwa ya bar ƙauyen ya koma kabu-kabu a Tasawa. Sau biyu Hashim ya hange shi a tasha, sau biyu yaron ya juya moto ya bi wani layi.