Yadda Aka Ceci Daular Rasha a Ƙanƙara

Malam Barau yana kan tebur, ƙusa a baki, yana kici-kicin kafa zannuwan gado a bangon ɗakin cin abinci don su zama labule, sai iska ta kwaso masa warin waken rana daga kicin. Ya zare ƙusar ya yi tsaki. Kullum wannan wake, rabi wake rabi ƙwari, kullum kuma ɗan kwangilar da ke kawo shi sai ya sake mota. Ƙasa tana ninƙaya cikin kuɗin mai, an buɗe wannan kwalejin horon malamai a bayan Ƙanƙara da siminti sabo fil, amma ɗalibanta da sun kai cokali baki sai sun rufe ido.

Yau dai abin zai ƙare. Sufeto zai zo daga Kaduna, kuma Malam Barau, malamin tarihi, ya shirya masa kallo. 'Yan ajinsa za su kwaikwayi Daular Rasha a ƙarshen kwanakinta: yaƙi ya ci sojoji, babu burodi a babban birni, talakawa sun kai maƙura. Bai rubuta wa kowa abin da zai faɗa ba. Ya raba muƙamai ne kawai, ya ce kowa ya yi abin da matsayinsa ya hukunta masa.

"Tarihi hanya ɗaya gare shi," in ji shi, kamar yadda ya jiyo a jami'a a Zariya. "Ko kun so ko kun ƙi, sarkin nan sai ya faɗi."

Abu ɗaya ya ƙulla a ɓoye. In matan birni suka fito kukan burodi, Zulaihatu 'yar Pauwa, wadda ke jagorantarsu, za ta shigo da kwanon waken makaranta na gaske, ta dire shi a buɗe a gaban sarki, wato a ƙarƙashin hancin sufeto. Sannan wani ɗalibin, Maharazu na Daudawa, ya faɗo da ma'aikatan birni su tuɓe sarki. Sannan shi Malam Barau ya miƙe, ya ɗaga kwanon, ya faɗi gaskiya da baki. Ya yi wa ɗaliban alkawari da rantsuwa.

"Malam, in aka kore ka fa?" Zulaihatu ta tambaye shi ran nan.

"A kore ni. Me na ajiye a nan?"

Gaskiya ne, bai ajiye komai ba. Ɗaki ɗaya yake haya a bayan tasha, ba famfo ba wuta. Matarsa Suwaibatu tana Faskari gidan iyayenta da tsohon ciki, don ba inda zai sa ta. Ya nemi gida a kwatas ɗin malamai har ya gaji da nema, firinsifal Alhaji Mamuda kullum sai ya ce ana dubawa.

Sarautar Rasha kuwa Lawwali na Ruwan Godiya ya bai wa. Ƙato ne mai sanyin jiki, ya girmi kowa a ajin, har da gemu, ga gyangyaɗi a kujerar baya. Malam Barau sarki rago yake nema, da ya duba ajin bai ga wanda ya fi shi dacewa ba. Bai tambayi kowa ba, ba wanda kuma ya gaya masa cewa Lawwali ya daɗe yana sarautar samari a bikin kalankuwar garinsu, inda bayan kaka matasa ke naɗa sarkinsu da alƙalinsu su yi mulki na wasa. An ce a zamaninsa ko faɗan 'yan mata ba a yi ba.

Bayan azahar ɗaki ya cika. Sufeto, wani dattijo mai tabarau, ya zauna a gaba kusa da firinsifal. Aka ɗora Lawwali kan kujerar ofis da aka rufe da bargo, fadawa biyu a bayansa.

Janar ya shigo da hular kwali ya ce an karya rundunar yamma, sojoji suna gudu ba takalma.

"Allah shi kyauta," in ji Lawwali. "A gaishe su da ƙoƙari."

Waziri ya ce jiragen ƙasa sun tsaya, hatsi ba ya isowa birni.

"To. Allah shi kawo sauƙi."

Malam Barau, daga gefen labule, ya ji daɗi har cikin ransa. Sarkin da ya nema ke nan, ba gyara.

Sai ga hayaniya daga ƙofa. Zulaihatu ta shigo da mata a bayanta, ɗankwali a ɗaure tamau, kwano a ka rufe da faifai, suna kiran burodi. Ta iso gaban sarki ta sauke kwanon, ta cika ƙirji da iska za ta fara.

Lawwali ya riga ta.

"A'a, mutanen birni ne da rana haka? Sannunku da zuwa. Ina gajiya?"

Zulaihatu ta yi turus. Bakinta ya amsa kafin ta yi shawara da shi. "Ba gajiya."

"Ina kwanan yara?"

"Lafiya lau."

"Mazan naku da ke bakin daga, kuna dai jin labarinsu?"

"Muna ji."

"Madalla. Ya muka ji da sanyin bana?"

"Da godiya."

Malam Barau ya dafe kai. Mutanen da suka zo su ce ba lafiya, ga su sun jera lafiya lau a gaban shaidu. Wa zai iya ihu a fuskar mai tambayarsa kwanan yara? Matan baya har sun fara durƙusawa ɗaya bayan ɗaya, don ba a amsa gaisuwar babba a tsaye.

Lawwali ya dubi kwanon, wanda har yanzu faifai ke kansa.

"Har da ɗawainiya? Cikin wannan hali kuka tuna da mu? Kai, an gode. Allah shi bar zumunci." Ya waiwayi fadawa. "A shiga da shi ciki."

Bafade ya sunkuya ya ɗauke kwanon da hannu biyu. Ya wuce ta gaban sufeto da shi a rufe, ya wuce ta gaban Malam Barau, ya shige bayan labule. Zulaihatu ta bi shi da ido, baki buɗe. Kafin ta farfaɗo, sarki ya ce ya lura ita mace ce mai kishin jama'a, daga yau ita ce Magajiyar Birni, duk maganar burodi ta hannunta za ta bi. Wata a baya ta rangaɗa guɗa.

Saura Maharazu. Shi kam Malam Barau bai da shakka a kansa. Siriri ne mai zafin kai, ciwon ciki ya kwantar da shi a asibiti saboda waken nan, ya kuma haddace duk abin da Malam ya taɓa faɗa game da 'yan sarauta. Ya banko ƙofa da ma'aikatansa, sun ɗaura jan ƙyalle a sandar share yanar gizo. Bai bari an gaishe shi ba. Ya yi magana mai kyau, wallahi ya yi. Ya ce jinin talaka ne man fitilar fada, ya ce a tsaida yaƙi, a raba gonaki, sarki ya sauka yau ba gobe ba. Sufeto ya gyara tabarau.

Lawwali ya saurare shi har ƙarshe yana gyaɗa kai.

"Waziri, ɗan wa ye wannan?"

"Talaka ne, ranka shi daɗe."

"Mai wannan baki? Kuna da irin wannan a ƙasar nan kuka bar shi a rana, kuka bar ni da ku?" Ya girgiza kai cikin takaici. "Duk abin da ya faɗa gaskiya ne. Kuma gyaran ƙasa ba a yin shi daga waje. Ku kawo rawani."

Babu rawani a Rasha, amma akwai zanen gado. Fadawa suka fizge ɗaya daga cikin waɗanda Malam Barau ya sha wahalar kafawa, suka kama Maharazu suka zaunar. Ya ɗan yi turjiya, ba mai yawa ba. Lawwali ya sauko da kansa, ya naɗa masa da gwaninta, ya fitar da kunnuwa biyu tsaf, ya ja amawali ya rufe masa haɓa.

"Galadiman Rasha. Allah shi riƙa."

Ɗaki ya ɗauka. Aka hau kiɗa da tebura da cokula, wani ya fara kirari. Malam Barau yana ta yi wa Maharazu alama da hannu, ya tashi, ya yar da abin nan. Maharazu bai ko gan shi ba. Ubansa ƙwadago yake yi a gonakin auduga na Daudawa, kaf zuriyarsu ba wanda aka taɓa yi wa guɗa in ba ranar aure ba. Ya kai hannu ya taɓa kunnen rawanin a hankali, idonsa ya kawo ruwa. Sai ya zube gaban sarki ya yi gaisuwa, ma'aikata suka jingine jan ƙyalle a bango suka bi sahu.

Sufeto ya yi dariya har ya cire tabarau yana share hawaye.

Haushi ya turnuƙe Malam Barau, har da kunya. Amma bai karaya ba. Kwanon yana nan bayan labule, taku kaɗan ne, kuma jawabin rufewa nasa ne. Abin da yara suka kasa, shi zai yi. Ya fito tsakiya, ya yi gyaran murya. Ya ga Zulaihatu ta zuba masa ido.

"Kafin Malam ya yi magana," in ji wata murya mai taushi.

Alhaji Mamuda ne ya miƙe, yana gyara hannun babbar riga. Mutum ne da ba a taɓa jin ya ɗaga murya ba, kuma ba abin da ke motsi a makarantar bai sani ba. Tun shigowar kwanon nan ya bi faifan da kallo har ya ɓace.

"Malam Barau, sannu da aiki. Ya gajiya?"

"Ba gajiya, ranka ya daɗe."

"Ya wajen iyali a Faskari? An sauka?"

"Tukuna dai. Lafiya lau suke."

"Allah ya raba lafiya." Ya juya wajen sufeto. "Yallaɓai, ka ga irin malaman da muke da su. Wannan yaro ba wanda ya kai shi damuwa da cikin ɗalibai. Ni kuwa na daɗe ina neman wanda zan damƙa wa sito da kicin, mai gaskiya, mai zafi. Daga yau shi ne malamin abinci. Kuma da yake aikin na mai kwana kusa ne, gidan nan na kwatas mai famfo, na kusa da sito, nasa ne. Sai ya ɗauko iyali."

Sufeto ya ce madalla, zai sa wannan a rahotonsa. Alhaji Mamuda ya zaro tarin makullai daga aljihu ya miƙo.

Malam Barau ya san abin da ake yi masa. Yanzun nan ya gama kallonsa da zanen gado. Jawabin yana nan a bakinsa, ya yi kwanaki yana tauna shi. Sai dai kuma a idon zuciyarsa ga Suwaibatu tana jan guga a rijiyar gidansu da wannan ciki, ga famfo. Ya ce a ransa, ai gyara ba a yin shi daga waje, sai ya tuna a bakin wa ya ji maganar, ya ji kamar ya nutse. Ɗalibai sun riga sun hau kiɗan tebura. Wani shaƙiyyi ya ce, "Ran Sarkin Abinci shi daɗe!"

Hannunsa biyu ya sa ya karɓi makullan, har da ɗan rusunawa.

"Na gode, ranka ya daɗe."

Da aka watse, ya leƙa bayan labule. Fadawan nan biyu suna zaune a ƙasa, kwano a tsakaninsu, sun sharce shi tas. Yunwa ba ta bar su sun tsaya tsince ƙwari ba. Zulaihatu ta zo ta ɗauki kwanonta da faifanta.

"Allah shi sanya alheri, Malam," ta ce, ba ta dube shi ba, ta fita.

Lawwali yana naɗe bargon sarauta. Ya matso yana sosa ƙeya, ya koma ragonsa na kujerar baya.

"Malam, na yi daidai kuwa? Ka ce kowa ya yi abin da matsayinsa ya hukunta."

"Ka yi daidai."

"Shi sarkin nasu na gaske, mi ya hana shi yin haka?"

"Ba shi da zanen gado," in ji Malam Barau.

Lawwali ya juya maganar a ransa, da alama ya tausaya wa mutumin. Sannan ya nuna aljihun Malam, wanda ya rinjaya gefe guda.

"A samu igiya a rataya makullan nan a wuya, Malam. Suna yaga aljihu."

Bai kai ga amsawa ba sai ga babban kuku, Baba Nata'ala, yana goge hannu a gaban riga. Ya yi masa murna, ya yi addu'a, sannan ya ce a zo a buɗe sito a fitar da na gobe, don a jiƙa da wuri. Suka tafi tare. Makulli na uku ne ya buɗe. Buhunan wake ne jere har rufi, duk hatimi ɗaya, kuma ko daga bakin ƙofa ana jin ɗan motsin da ke cikinsu.

"Wanne za a buɗe, ranka shi daɗe?"

Malam Barau ya dube su daga ƙasa har sama, ya daɗe yana dubawa.

"Na kusa da ƙofa," ya ce.