Koren Indararon Ammachi Thresia

Da damina ta ɗauke a garinmu Kochi, duk bangon da ka duba gansakuka ta cinye shi, kowa kuma yana so gidansa ya yi fes kafin Kirsimeti. Lokacin ne Appa, mahaifina, yake samun aiki. Mu uku ne. Appa ne mai magana da masu gida, ni ina ƙasa wajen injin feshi, sai Mofijul mai hawa tsani. Ɗan ci-rani ne daga jihar Assam mai nisa, ya kusa sa'an Appa, yana da 'ya'ya mata a can garinsu. Kowa bhai yake ce masa, wato ɗan'uwa, shi kuma yana ce wa Appa chetta, kamar yayansa.

Gidan Ammachi Thresia tsohon gida ne mai rufin jan tayil, indararonsa duk na jan ƙarfe, daga wanda ya zagaye rufin har bututun da ke saukar da ruwa ƙasa. Amma ba za ka ga ja ba. Shekaru da iskar teku sun mayar da shi kore, kore mai laushi kamar ruwan tafki.

Tun ba mu sauke kaya ba Ammachi, tsohuwar mai gidan, ta fito da sandarta.

"Devassy," ta kira Appa da sunansa, "zo nan. Bango ka wanke shi yadda ka ga dama. Wannan koren kuwa kada a taɓa min. Maigidana ne ya kafa shi shekarar da muka tare. Ya ce sai mun tsufa zai yi kyau. Shi bai tsaya ya gani ba."

"Haba Ammachi, yau muka fara? Ganye kawai za mu kwashe, mu bi shi da ruwa zalla da buroshi mai laushi."

"Wancan bhai ɗin ya ji?"

"Ya fi ni sani ma."

Gaskiya ne. Duk safiyar nan Mofijul yana saman tsani yana kwaso ruɓaɓɓen ganyen mangwaro da hannu, ko injin bai bari na kusanto da shi ba. Ya rufe indararon da leda kafin mu fesa wa bango magani.

Da rana mahaifiyata, da muke kira Amma, ta kawo mana abinci, rogo da miyar kifi mai tsamiya. Muka zauna a barandar gaba. Amma ita ce mai goge fitilun cocinmu kafin kowane biki, kuma a gidanmu ba a kwana da tukunya mai dushi-dushi. Muna ci na ga ta kafa wa bututun gefen baranda ido. Na san kallon nan. Shi take yi wa tukwanen maƙwabta. Appa yana waya, Mofijul yana tsince ƙayar kifi. Na ce a raina bari in haɗiye lomar nan in faɗa mata, sai Appa ya ce, "Jincy, 'yata, tashi ki ja tiyo zuwa baya." Na tashi.

Bayan gida injin yana ihu, ba ka jin komai. Can an jima Amma ta leƙo da kwandonta a hannu, ta ɗaga murya.

"Na rage muku aiki! Maza biyu da inji, amma sai mace ta zo!"

"Je ki kar mota ta wuce ki," in ji Appa, yana dariya, bai ma juyo ba.

Sai da muka zagayo gaba muka gani. Bututun, daga inda hannu zai kai in an taka benci har ƙasa, ya koma ja yana walƙiya kamar sabon kasko. A gindinsa ga ɓawon kwakwa da ta yi soso da shi, ga 'ya'yan tsamiya, ga ɗan gishiri a ganyen ayaba. Appa ya tsaya kamar an dasa shi. Ya sunkuya ya tattare su da sauri ya cusa a aljihun wandonsa. Mofijul yana kallonsa.

Ba a jima ba motar Avarachan ta shigo, ɗan Ammachi da ya zo hutu daga Dubai. Ya fito, ya ga bututun, ya ga Mofijul riƙe da buroshi.

"Kai! Wa ya sa ka? Ba a faɗa maka ba?"

Mofijul ya sauke buroshin. Ya kalli Appa.

"Matsalar kenan, Devassy. Kuna kwaso mutanen da ko yarenmu ba sa ji, ku sake su a gidajen mutane. Kar in sake ganinsa a nan. Kuma zan gaya wa mutanen layin nan kaf, duk wanda ya kira ka ya tambayi wa za ka kawo."

Na jira Appa. Hannunsa yana kan aljihun da ya jiƙe da ruwan tsamiya.

"To, Yallaɓai. A yi haƙuri. Ba zai dawo ba."

Ni ma ina tsaye a wurin, da bakina. Ammachi ta fito ta kalli bututun, ta koma ciki.

A hanya Mofijul ya zauna a bayan mota tare da tsani, ya juya mana baya. Da muka zo mahaɗar da yake sauka, Appa ya leƙa.

"Bhai, ka ɗan huta kwana biyu. Zan neme ka."

"To."

Da yamma Amma tana ta nishaɗi. Ta zuba wa Appa shinkafa tana zolayarsa.

"Kai mutumin nan, ba ka ce komai ba. Tsohuwar ta gani? Da ina da tsani da na gama mata shi duka. Shekara da shekaru ba wanda ya ji tausayin ƙarfen nan."

"Ta gani."

"Shi ke nan? Ta gani? Ko sannu babu?"

Appa yana ta juya shinkafar da yatsu, bai kai baki ba. Na kalli hannun Amma. Ƙarƙashin faratanta duk kore ne, gefen babban yatsanta ya ɗaye saboda gishiri.

"Gobe zan ƙara wa bhai kifi," ta ce. "Na lura kan kifin yake so, kunya ce ke hana shi ɗauka."

"Gobe ba zai zo ba," na ce. Muryata ta fito 'yar ƙarama.

"Jincy," in ji Appa.

"Me ya same shi?"

Ban iya kallon kowa ba, sai na faɗa wa farantina. Na faɗi abin da Ammachi ta ce da safe, da maigidanta, da abin da Avarachan ya ce, da amsar Appa.

"Devassy." Ban taɓa jin Amma ta kira sunansa ba. "Ka bar shi ya ɗauka?"

"To in ce me? In ce matata ce? A gaban wannan yaron, ya zage ki kamar yadda ya zage shi?"

"Shi ba shi da mata? Ba shi da 'ya'ya?"

Ta tashi ta je wajen famfo, ta daɗe tana wanke hannu. Koren bai fita ba.

Washegari ta riga mu shiga mota, da fararen kayanta na zuwa coci. Haka muka isa. Ammachi tana zaune a baranda, kujerarta a juye yadda ba za ta ga bututun ba. Avarachan yana shan shayi a bakin ƙofa.

Amma ta cire takalmi ta hau barandar, ta miƙa hannayenta biyu gaban tsohuwar.

"Ammachi, ni ce. Da tsamiya da gishiri. Na ɗauka datti ne. Bhai ko kusa da wurin bai zo ba."

Ammachi ta kama yatsun ta kawo su kusa da idonta. Ta daɗe tana duba koren.

"Ke ce mai goge fitilun coci?"

"Ni ce."

"Ai ga alama." Ta saki hannun. "Devassy, yaushe zai koma yadda yake?"

"Da iskar tekun nan, Ammachi, nan da nan zai dushe. Koren dai, sai an ɗan jira."

"Nawa ne ɗan jiran?"

Appa ya sunkuyar da kai.

"Ku za ku gani," ta ce. Ta juya wajen ɗanta. "Avara, jiya bakinka ya yi sauri. A kira mutumin."

Avarachan ya ce ai shi abin da ya gani ya faɗa, tunda ba wanda ya gyara masa. Ya kalli Appa yana faɗin haka, ya shige ciki da kofinsa.

Appa ya kira har sau nawa kafin Mofijul ya ɗauka. Ya zo wajen hantsi a motar haya, ya gaida Ammachi, ya jingina tsani ya hau. Sauran indararon ya bi shi da ruwa zalla, a hankali, kamar jiya.

Da rana Amma ta buɗe kwano ta sa masa kan kifin gaba ɗaya. Ya karɓa da hannu biyu ya yi mata godiya, sannan ya ɗauki farantinsa ya koma gindin mangwaro.

"Bhai, zo nan mana, ga inuwa," in ji Appa.

"Nan ma ya yi, Yallaɓai."

Yallaɓai ya ce, ba chetta ba. Muka ci namu a baranda, bututun yana ta walƙiya a gefenmu, kowa yana kallon wani wajen.